Ranar da Muka Karrama Baffa

Shekara talatin da ɗoriya Baffa ya yi yana riƙe da ƙungiyar zumuncin zuriyarmu, kuma ban taɓa jin an yi zaɓe ba. Wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi mai ɗan karatun zaure, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dutse da Jahun. Dukanmu daga mutum ɗaya muka fito, kakan Baffa, wanda muke ce wa Malam kawai. Ban da mata, Malam ya bar 'ya'ya maza bakwai. Kowanne ya kafa gida, gidajen suka yi rassa, wasu suna Kafin Hausa, wasu Garki, wasu Jahun, wasu ma har Kano da Kaduna.

Baffa ne ya san kowa. Yana da littattafan rubutu goma sha ɗaya, irin na 'yan firamare, ya cika su da ajami, yana ajiye su a wata adaka ƙarƙashin gadonsa. Duk gidan da aka yi haihuwa a dangi, ranar suna za ka gan shi, da can a keke, daga baya a bayan ɗan acaɓa. Zai yi addu'a, ya ci abinci, sannan ya zaro biro ya tambayi sunan jariri da na uwarsa da na uban uwar. In kuma rasuwa aka yi, ya ja layi a ƙarƙashin sunan.

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah ake taron shekara a ƙofar gidansa. Shi yake buɗewa. Ya yi wa Malam addu'a, sannan ya kira sunayen 'ya'yan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kira, zuriyarsa su amsa da baki ɗaya, "Muna nan!" Muna yara har gasar ƙarfin murya muke yi.

Gida na huɗu su ne mutanen Jahun, kuma ba wanda ya kai su amsawa da ƙarfi. Babbansu wani yayanmu ne ɗan kasuwar hatsi, muna ce masa Yayan Jahun. Tun ana gobe taro yake isowa cikin adaidaita, da tabarmi a ɗaure a sama da buhun shinkafa a ciki. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti a Jahun, wata guda da rabi daga gidansa ake kawo mana abinci safe da yamma. Matarsa ce take canjar matata wajen jinya.

Ni a Dutse nake aikin gwamnati, a ɓangaren kwamfuta. Mu 'yan boko na dangin mun daɗe muna ƙorafi a bayan idon Baffa: sanarwa ba ta isa kan lokaci, taro ba shi da ajanda, tsoho zai tashi ya yi awa guda yana ba da labarin mutanen da ba mu sani ba. Wata Asabar kafin azumi muka haɗu mu shida a falona, muka yanke abu uku. Za a buɗe wa dangi guruf a waya. Za a shigar da salsala cikin kwamfuta, a zana ta kamar bishiya, a ɗora a intanet kowa ya gani daga inda yake. Na uku, a taron bana za a karrama Baffa, a ba shi lambar yabo, a hutar da shi. Ni na kawo kalmar hutarwar. Kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya san abin da muke nufi.

Ni aka tura karɓo littattafan. Na tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, so muke mu shigar da salsalar nan cikin kwamfuta, kada wata rana gobara ko gara ta yi mana ɓarna."

Ya ce, "Wannan magana ce. Ni ma garar nan ta hana ni sukuni." Ya shiga ya jawo adakar da kansa. "Sai ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi mu zauna, ina karantawa kana bugawa. Akwai wuraren da sai da baki."

Na ce, "Haba Baffa, ai na iya ajami. Kada in wahalar da kai."

Ya ɗan dube ni, sannan ya ce, "To. Amana ce dai."

Ba wahalarsa nake gudu ba, tawa ce. Na hango kaina zaune a zaure babu lantarki, kowane suna da labarinsa, sai na ga ba zan iya ba. Ban gaya masa maganar hutarwar ba. Na saka adakar a but ɗin motata na dawo Dutse.

Guruf ɗin ya karɓu nan da nan. Cikin sati biyu mutum ya fi ɗari biyu a ciki, ana ta gaisuwa, ana tura hotunan jarirai da tsofaffin hotuna masu baƙi da fari. Yayan Jahun ba ya iya rubutu a waya, sai dai saƙon murya, kuma kusan kullum shi ne yake fara yi wa kowa ina kwana. Baffa ba ya ciki. Wayarsa ƙarama ce, mai tocila.

A littafi na farko, wanda takardunsa suka koma ruwan ƙasa, na ci karo da abin. A shafi na uku an jero 'ya'yan Malam bakwai. Kusa da suna na huɗu, can gefen takarda, akwai wani ɗan ƙaramin rubutu: "A goye ya zo da uwarsa. Malam ya riƙe shi." Sau uku na karanta. Ina so in ce tausayi na ji, amma ba haka ba ne. Daɗi na ji, irin na wanda ya tsinci abin da kowa ya taka ya wuce.

Na nuna wa matata. Ta karanta ta ce, "Ka tambayi Baffa tukuna."

Na ce, "Me zan tambaya? Ai rubutunsa ne."

Ta ce, "To shi da ya rubuta, ka taɓa jin ya faɗa?"

Na hau yi mata wa'azi, wai nasaba ba abin wasa ba ce a addini, wai tarihi ba a yi masa kara. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ka dai tuna kwanukan da muka ci a asibiti." Ta tashi ta koma kicin.

Ranar wata Juma'a cikin goman ƙarshe na azumi, bayan an sauko daga masallaci, na tura hoton bishiyar a guruf. Rassa shida sun sauko daga sunan Malam da layi mai kauri. Na huɗun na ware shi gefe a cikin akwati, na rubuta a samansa, "'Yan riƙo." A ƙasan hoton na ƙara da cewa, "Domin amanar tarihi."

Da farko yabo aka fara, masha Allah, aiki ya yi kyau. Sai wani matashi daga Kaduna ya turo fuskar dariya ya rubuta, "Ashe agolaye ne." Sai wani ɗan uwanmu na Garki, dattijo da gemunsa, ya ce, "To gonar fadama da take hannunsu fa, da wane dalili?" Daga nan aka rabu biyu ana ta musu.

Wajen la'asar saƙon Yayan Jahun ya shigo. Bai kai rabin minti ba. Muryarsa a kwance, kamar yadda yake gaisuwar safe: "Salamu alaikum. Na ga takarda, an karanta mini. Ni ban san da wannan magana ba, mahaifina bai taɓa faɗa mini ba. In mun yi shisshigi a shekarun nan, a yafe mana." Sai waya ta nuna ya fita daga guruf. Ƙannensa suka bi, 'ya'yansu suka bi, har 'yan matan da suke aure a wasu garuruwa. Ina zaune ina kallo suna fita ɗaya bayan ɗaya, har na kife wayar.

Na goge hoton, ban yi wani abu bayan wannan ba. Ban kira shi ba. Na ce wa kaina zafin azumi ne, za su huce kafin Sallah. Mu shidan nan muka yi waya, muka yarda kada a gaya wa Baffa, wai kada a tayar masa da hankali kafin ranarsa.

Ranar taro muka yi hayar rumfa da kujerun roba da lasifika. An buga babban ƙyalle da hotonsa. An ɗinka masa babbar riga ta shadda, ga hula, ga lambar yabo ta katako da gilashi. Ya fito da sandarsa, ya tsaya yana duban wajen.

Ya ce, "Ina tabarmin?"

Na ce, "Yau kujeru ne, Baffa."

Ya ƙi karɓar abin maganar da aka miƙa masa, ya buɗe taro da muryarsa kamar kullum. Ya kira suna na farko, aka amsa. Na biyu, aka amsa. Na uku gidanmu ne, muka amsa, ni dai leɓena kawai na motsa. Ya kira na huɗu. Ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Ya sake kira, ya kare ido da hannu yana duba kujerun baya.

Ya ce, "Ko mota ce ta lalace musu?"

Ba wanda ya tanka, sai Gwaggo, ƙanwarsa, daga ɓangaren mata. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ba mota ba ce. Tambayi ɗanka mai kwamfuta. Ya buga a waya cewa ba jininmu ba ne, duniya ta gani, su kuma sun ɗauke ƙafa."

Ina tsaye a gefen rumfa, takardar jawabi a hannuna. Jira nake ya juyo ya dube ni, bai juyo ba. Sai ya kira na biyar, na shida, na bakwai, ya shafa addu'a ya zauna. Mai gabatarwa ya rasa abin yi, sai ya bi takardarsa ya kira ni in karanta jawabin karramawa. Na kuwa fita na karanta. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da bakina, a lasifika, na kira shi ginshiƙin zumunci, mai haɗa kan zuriya, wanda bai taɓa bari ɗa ɗaya na Malam ya ɓace ba. Aka saka masa rigar, aka ɗau hotuna, aka sanar da sabon shugaba. Ya karɓi lambar ya ce, "Allah ya yi albarka," ya miƙa wa na kusa da shi. Ana fara fito da abinci ya miƙe ya zo inda nake.

Ya ce, "Ina motarka?"

Muka kama hanyar Jahun. Ya tuɓe sabuwar rigar ya naɗe ta a cinyarsa. Gonaki duk an share ana jiran ruwa, shi kuma su yake kallo. Da ya fara magana ma bai juyo ba.

"Ni na san na huɗun nan. Baffan Jahun muke ce masa, shi ya koya mini huɗa. Shekarar wata yunwa uwarsa ta iso garinmu da shi a baya, mijinta ya mutu a hanya. Malam ya ba ta masauki, da ta gama takaba ya aure ta. Ba ta da ruwan nono saboda yunwa, kakarmu ce ta shayar da shi tare da mahaifina, wato kakanka. Nono ɗaya suka sha. Kai da ka san addini, gaya mini, ɗan uwa ne ko ba ɗan uwa ba?"

Ya ci gaba.

"Malam bai taɓa ce masa shi ya haife shi ba. Ya san asalinsa. Gonar fadama kuwa tun Malam yana da rai ya ba shi kyauta a gaban shaidu, don ya san ba shi da gado. Baffan Jahun ne bai ga dama ya gaya wa 'ya'yansa ba, kuma wannan nasa ne, ba naka ba."

Na ce, "To Baffa, me ya sa ka rubuta?"

"Dole mutum ɗaya ya sani, saboda aure da gado. Mahaifina ya gaya mini, ni kuma na rubuta don wanda zai karɓe ni. Da ka zo Asabar ɗin nan, kai zan gaya wa. Maganar hutar da ni kuma tun kafin azumi na ji ta. Da kun tambaye ni, da na ce muku na fi shekara biyar da gajiya. Gwiwa ta ƙi. Ba sai kun kashe kuɗin rumfa ba."

Mun tarar da Yayan Jahun a zaurensa da ƙannensa biyu, suna cikin kayan Sallah. Yana ganin Baffa ya zabura ya shimfiɗa darduma. Baffa ya ƙi hawa. Ya dafa bango, ya sauka a hankali ya zauna a ƙasa, daf da bakin ƙofa inda ake ajiye takalma.

Yaya ya ce, "Subhanallahi, Baffa! Don Allah ka tashi."

Ya ce, "Bar ni, ban haƙuri na zo. Ni na rubuta, ni na ba da littafin ban bi shi da baki ba. Laifina ne."

Dole dukanmu muka zube a ƙasa. Ina durƙushe a bayansa, ina kallon tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu yana ɗaukar mini kayana, ban iya buɗe baki na ce ba haka aka yi ba.

Yaya ya ce, "Baffa, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne." Ya ba shi labarin kamar yadda ya ba ni a mota, bai rage komai ba, har da nonon, har da shaidun gona.

Yaya ya gyara zama. Sannan ya ce, "Da daga bakinka na ji, a zauren nan, wallahi da ba komai. Ai mutumin kirki ne ya riƙe kakana, abin alfahari ne. Amma 'yata ce ta karanta mini a waya tana kuka. Kafin magariba an tura wa surukaina. A kasuwa wani ya tare ni yana tambayata ko da gaske ne za a karɓe fadama."

Baffa ya ce, "Ba mai taɓa fadama, ina raye ko ba na raye. Zan tara su in faɗa."

Sai Baffa ya waiwayo, na gane ni ake jira. Duk abin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, "Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini." Da na tsaya nan da ya fi. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Amma ni niyyata..."

Baffa ya ce, "Ajiye niyyar."

Yaya ya dube ni, karo na farko tun shigowarmu. Babu fushi a fuskarsa. Ya ce, "Ya wuce. Ya jikin Inna? Ƙafar ta daina kumburi?"

Aka kawo tuwo da miyar taushe daga cikin gida. Na ci, don ƙin ci ya fi muni, amma kowace loma sai da na kora ta da ruwa.

Washegari na gyara bishiyar, rassa bakwai, layi iri ɗaya. Na yi saƙon murya a guruf na ba da haƙuri, na faɗi abin da Baffa ya yarda in faɗa. Amma tsohon hoton ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Baffa ya cika alkawari, ya tara manyan gidajen nan shida ya kashe maganar fadama. Matasan Jahun da yawa sun dawo guruf a hankali. Yaya bai dawo ba. Taron shekarar da ta biyo baya ya zo, amma da hantsi, hannu rabbana. Da aka kira gida na huɗu ya amsa tare da mutanensa, ya tafi kafin a ci abinci.

Na mayar wa Baffa adakarsa, ya ce in riƙe, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Na fara zuwa ƙauye ran Asabar. Mun gama littafi huɗu, muna cikin na biyar ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ragowar na biyar ɗin da sauran shidan ni kaɗai na buga su. Na ci karo da ƙananan rubutu a gefen takarda har sau tara, wasu na gane, wasu ban gane ba, kuma babu wanda zan tambaya. Ban shigar da ko ɗaya cikin kwamfuta ba.

Ranar jana'izar Baffa, Yayan Jahun ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Mun yi wa juna gaisuwa, ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo.

Yanzu ni ne magatakardan ƙungiya. Haihuwar sauran gidaje a guruf nake gani, ta gidan Yaya kuwa sai dai in ji a bakin mutane. Watan jiya na ji ƙaramar 'yarsa ta haihu. Na yi kwana biyu ina juya wayar kafin na kira. Muka gaisa, na yi masa barka, na tambayi sunan yaron da na mahaifinsa. Ya faɗa mini a hankali, har ya maimaita don kada in yi kuskure. Ya tambayi damina a wajenmu, na ce alhamdulillahi, gero ya fara kai. Ya ce su ma haka. Na ce in Allah ya yarda zan shigo Jahun ranar kasuwa in ga jaririn.

Ya ce, "To, Allah ya kawo ka. In ka zo ban nan, ka shiga gida, ai ka san hanya."